Bijimin Baba da Ingilishina

Jama'a, yau Ingilishina ya kusa sa a doki baƙuwa!

Wani furoje, wato shirin tallafa wa kiwo, ya ɗauke ni tafinta. Na kai likitarsu, wata Baturiya, garken Baba a Azagor. Tana ganin farin bijiminsa ta ce, "Priceless."

Mushe, malaminmu na Ingilishi, ya koya mana duk kalmar da ta ƙare da "less", babu ke nan. Sai na ce, "Baba, wai bijiminka ba shi da daraja."

Baba ya ɗaga sanda: "Ita ubanta ko akuya yana da?"

Direbanmu ya sheƙo: "Tsaya, Alhaji! Cewa ta yi ya fi ƙarfin kuɗi."

A gadon bayana sandar ta sauka. Direba ya nuna ni, ya ce wa Baturiya, "Jobless."

Wannan kam ban nemi fassara ba.