Tabon Soda a Yatsan Auta

Ina tankaɗen gari da hantsi na ji ƙarar dutsen goge kaushi daga bayi, shar-shar, ba tsayawa. Da na leƙa sai na ga autata, lokacin shekararta takwas, a durƙushe tana dirzar yatsunta har jini ya fara tsattsafowa. Ƙurajen nan ne da muke kira tusar jaki, guda biyar a hannunta na dama. Ta ce 'yan ajinsu a Islamiyya sun daina cin abinci kwano ɗaya da ita.

Babansu ya kai mu wani ƙaramin asibiti a hanyar Rijau. Likitan ya ce ƙwayar cuta ce ke zama a fata. Ya jawo wata 'yar na'ura mai wayoyi biyu, ya ce za a ɗora auduga mai danshi a kan ƙurjin a saki lantarki kaɗan, mu riƙa zuwa na wasu makonni.

Na ce, "Lantarki? A jikin yarinya?"

"Hajiya, batir ne fa, irin na tocilanki. Kawo hannu ki ji, kamar tafiyar kiyashi."

Na miƙa, kafin ya kunna na janye. Ya yi dariya. "Ke da kike wuni gaban murhu, wannan ce za ta firgita ki?"

Ni ban yi dariya ba. Ina yarinya na ga yadda wayar lantarki ta ja wani maƙwabcinmu, kuma abin bai taɓa barin idona ba. Na ce za mu yi shawara.

A lokacin ina haɗa sabulun wanki a gida tare da wata maƙwabciyata 'yar Salka. Kullum hannuna na cikin soda, har ina ganin na san halinta. A wurin da muka koyi sana'ar na ji mata suna cewa ɗigo ɗaya a bakin tsinken tsintsiya yana cinye ƙurjin. Maƙwabciyar ta riƙe haɓa ta ce, "Haba maman yara, abin da ke huda tukunyar dalma za ki sa wa 'yar mutum?" Na ce ɗan kaɗan ne.

Na yi bisimilla na ɗiga a kan babban, na yatsan tsakiya. Ba ta yi kuka ba, bakin hijabinta kawai ta cije. Kafin la'asar sodar ta wuce ƙurjin ta shiga nama.

Wurin likitan nan muka koma. Bai yi mini faɗa ba, ya wanke ciwon ya naɗe, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Da ciwon ya warke, sauran huɗun da na'urar ya bi su. Tana zaune tana kaɗa ƙafa, wai cakulkuli take ji. A hankali suka baje. Ko na'urar ce, ko lokacinsu ne ya yi, Allah ne masani, amma ba su bar alama ba. Nawa ne ya bar tabo, fari, a tattare, har yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai in ta riƙe biro.

Na roƙi Allah gafara ba adadi. Ita ce na kasa buɗe baki in roƙa.

Ana jibi ƙaramar salla ina sa mata lalle, na yi ta maimaitawa a kan tabon ko zai rufu. Ta dube ni ta ce, "Umma, bar shi, nan ba ya kamawa. Ki yi mini fure ya zagaye shi kawai."