Ranar da Muka Fito da Keke Bakin Titi

Shagona a Rano ƙarami ne. Babban keken ɗinki ya cinye rabinsa, ni da kayan aiki muka raba sauran. Ba keken riguna ba ne. Allurarsa ta kusa kaurin ƙusa, kuma abincinsa fata da buhu da tamfol. Idan na tayar da janareta na taka shi, kofunan mai shayin da ke maƙwabtaka da ni har rawa suke yi.

Wata rana a ƙarshen damina, bayan azahar, wani dattijo daga Fammar ya sauke tamfol huɗu daga a-kori-kura. Ya cire gyaɗarsa, tana shanye a gona, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Idan ruwa ya dake ta, tsirowa za ta yi, noman shekara ya tafi. Yana so in haɗe tamfol ɗin su zama ɗaya.

Na ce, “Baba, ka rufa su haka mana.”

Ya ce, “Bara haka na yi, iska ta shiga tsakani ta yaye su. Ɗinka mini, ɗana.”

Shagon ba zai ɗauki ko biyu a shimfiɗe ba. Sai muka ciccibo keken zuwa bakin titi, muka ƙara wa janareta waya. Dattijon ya yi kira, mutane suka taso: mai shayi, mahaucin da ke tsallake, 'yan acaba, har da wani malamin makaranta da ya zo wucewa. Wasu suka riƙe tamfol ta gabana, wasu suka tsaya baya suna karɓa.

Akwai abin da wanda bai taɓa zama a kan keken nan ba bai sani ba. Keke shi ke jan kayansa da haƙoran da ke ƙarƙashin allura. Aikin hannu shi ne ya daidaita kawai. To, na bayan nan majiya ƙarfi ne, ga hadari a idonsu. Ina takawa suka finciko. Allura ta ce ƙas!

Guda ɗaya ta rage mini, kuma sai a Kano ake samun irinta. Na faɗa musu haka. Na ce kada kowa ya ja. Mahaucin ya ce, “To in ba ja ba, me muka zo yi? Kallo?”

Akwai wani tsohon makiyayi a kan bencina, ya kawo jakar fata a gyara mata maratayi. Ya miƙe da sandarsa ya ce wa mahaucin, “Kai dai ba ka san saniya ba sai a kwance. Wa ya taɓa kai ta rafi da ja? Tafiyarta ake bi. In ta tsaya, ka tsaya.”

Mahaucin ya ce, “Baffa, wannan saniyar fetur take sha!”

Aka fashe da dariya. Amma tsohon ya shiga gabansu, ya ba keken kunne, ya rinƙa ja da baya a hankali yana dungura sanda a ƙasa. Duk dungurawa ɗaya, su ɗaga ƙafa. Na saka allurar, na yi bisimilla, na taka. Tamfol ya rinƙa fita sumul. Na ɗora baki kan baki yadda ruwa zai gangare, na bi kowane layi sau biyu. Masu mota suka rage gudu suna kallon garada suna tafiya da baya kamar masu rakiyar amarya. Mahaucin ma ya fara yi wa keken kirarin shanu.

Muka naɗe shi ana kiran la'asar, iska ta fara kaɗa ledoji. Motar ta kama hanyar Kibiya, mu kuma muka mayar da keke ciki. Ina cikin ɗinkin jakar Baffa ruwa ya sauko, duka muka cunkushe a shagon.

Can wayata ta yi ƙara. Dattijon ne. Bai ko gaisa ba, sai na ji wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Na buɗe murya kowa ya ji.

Ya ce, “Ka ji shi? A kan tamfol yake. Na zura hannu ƙarƙashi, gyaɗa a bushe!”

Mai shayi ya ruga cikin ruwan ya ɗauko butar shayinsa, ya zuba wa kowa.