Mujallun da Na Ƙi Gogewa

Shekaruna hamsin, abubuwa da dama sun kuɓuce mini, amma ranar da na ƙi bin umarnin shugabana ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina aiki a ɗakin karatu na wata kwalejin lafiya a Fatakwal, ni ke kula da katalog, wato jerin littattafai da mujallun bincike da ɗalibai ke dubawa a kwamfuta. Akwai mujallun da wasu maƙalunsu a buɗe suke kyauta, sauran a kulle sai an biya. Da kwalejin ta daina biya, ɗalibai suka yi ta ƙorafin cin karo da ƙofa a rufe. Shugaban ya ce a goge irin waɗannan mujallu gaba ɗaya, a huta.

Sai dai kwalejin tana da doka: ba a karɓar hujja a kundin kammala karatu sai daga mujallar da ke cikin katalog, don gudun mujallun bogi. Akwai wata ɗaliba mai koyon ungozoma, 'yar wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 3. Bincikenta a kan zubar jini bayan haihuwa ne, kuma kusan duk hujjojinta daga buɗaɗɗun maƙalun nan ta samo su. Ta same ni a teburina.

"Kawu, wai da gaske za a cire su? To da me zan tsaya gaban malamai?"

Na tafi ofishin shugaban. Na roƙi ya bar ni in rubuta a gefen kowace mujalla cewa wasu maƙalunta ne a buɗe.

"Malam, ko a buɗe ko a rufe," in ji shi. "Katalog ba kasuwar albasa ba ce da za a tsaya tsince-tsince."

"Oga, ko a kasuwar ba a zubar da buhu don rabinsa ya ruɓe. Hannuna ba zai goge su ba. In ka matsu, ga kujerata can, ka zauna ka goge da kanka."

Bai zauna ba. Na koma na bi mujallun ɗaya bayan ɗaya ina saka bayanin. Ba a jima ba aka mayar da ni ɗakin tsofaffin jaridu, inda fanka ma ba ta juyawa. Daga baya wani ya goge mujallun, amma kafin nan yarinyar ta kare kundinta.

Na sha tambayar kaina ko gaskiya ce ta tsayar da ni ko girman kai, don shi ma shugaban ƙorafin gaske yake neman kashewa. Amma duk sanda na ga yarinyar cikin fararen kayan asibiti tana sauka daga keke napep a unguwarmu, sai in ji ko yau aka sake ba ni umarnin, amsata ba za ta canza ba. Abin da na koya shi ne, idan ƙofa ta buɗe ko da rabi ne, aikin mai tsaronta ya nuna wa mutane ta inda ake shiga, ba ya toshe ta don neman sauƙin kansa ba.