Tabarmar Baba da Katangar Jekadafari

Da asuba muka tashi daga Kano, ni da ƙanena, ko ruwan koko ban iya haɗiya ba. Saƙo ne ya zo mana ta bakin wani direban motar auduga, wai mahaifinmu da ke Gombe ya daina fita. Ba a ce yana kwance ba, ba a ambaci wani ciwo ba, an dai ce ya daina fita. Wanda bai san Baba ba zai ce to sai me? Mu kuwa tun muna rarrafe ba mu taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba. Ɗinkin hula ne sana'arsa, wurin zamansa kuma ɗaya ne, gindin tsamiyar dandalin unguwarmu a Jekadafari. Tun a gida muka yanke shawarar ɗauko shi mu dawo da shi Kano, ko yana so ko ba ya so.

Fijo muka samu a tasha, aka cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Kuɗin mota ya kusa ninkawa tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, da na yi magana ɗan kamasho ya ce ai yanzu ƙasa ta yi arzikin mai, ba a ciniki. Hanya kuwa duk inda ka duba katafila ce da manyan motocin siminti. Inda aka shimfiɗa sabuwar kwalta direbanmu gudu yake kamar an biyo shi, inda aka tare hanya kuma mu faɗa daji muna karo da kawunan juna. Ƙanena bai bar tasha ɗaya ta wuce shi ba. Ya ci kifi a Wudil, ya ci tsire a Darazo, a Dukku ya kora da fura da nono, yana ce mini damuwa ba ta hana yunwa. Ni dai duk tsayawar da aka yi ji nake kamar in sauka in ƙarasa da ƙafa.

A motar nan ba abin da nake tunawa sai dandalin. Fili ne kawai na yashi da tsamiya ɗaya ta wajen yamma, amma ba ya zama ba kowa. Masu koko da ƙosai ke buɗe shi. Suna kwashe kaskonsu matan Fulani za su sauke ƙoren nono a gurbin. Da rana wanzami da mai gyaran keke da su Baba ne, la'asar ta 'yan ƙwallo ce, da magariba mai tsire ya hura wuta a kan duwatsun da mai ƙosai ta bari. Ba wanda ya rubuta wannan tsari, ba kuma wanda ya taɓa karya shi. Su Baba bin inuwa suke yi. Da safe tabarmarsu na yamma da tsamiya, rana na ɗagawa suna janta kaɗan-kaɗan, kafin magariba sun zagayo gabas, kuma duk wanda ke nemansu ya san gefen da zai dosa.

Bayan la'asar muka gangara cikin Gombe, zafin bazara ya tare mu tun daga bakin gari. Garin ya cika da sababbin gine-gine, har na so in ɓata a unguwar da aka haife ni. Da muka zo dandali sai da na tsaya cak. An zagaye shi da katanga, an yi masa ƙofar ƙarfe, an shafe yashin nan kaf da siminti. Ga kujerun kankare a jere a tsakiyar rana, ga wani abin feshin ruwa a tsakiya ba ko ɗigo a cikinsa, a garin da mata ke yini a layin famfo. Tsamiya na nan a ciki jikin katangar yamma, ta shimfiɗa inuwarta a kan siminti, ba kowa sai maigadi. Ya ce mana ba a talla, ba a ƙwallo, ba a shiga da tabarma. Ƙanena ya gwada zama a kujera ɗaya, ya miƙe da sauri yana shafa bayansa. Ban iya yin dariya ba.

A zaure muka sami Baba, cikin duhu, da wata hula a cinya ko allura babu a jikinta. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa, sannan ya tambaye mu ko an yi la'asar. Mutumin da unguwa ke tambayarsa lokaci! Goggo, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ja ni gefe. Ta ce tun ranar da aka hana shi shiga da tabarma ya dawo ya jingine ta a bayan ƙofa, daga masallaci sai zaure, abinci ma sai ta yi da gaske. Da na kawo masa maganar Kano sai ya ci gaba da murza hular.

Washegari da sassafe na fita neman abokinsa wanzami, wanda muke ce wa Bappa. A bakin titi na same shi, bayan katangar yamma. Ashe da safe inuwar tsamiya ta waje take faɗowa, shi ne ya kafa kujerarsa a nan, mai ƙosai ma ta raɓa a gefe. Ya ce, "Ɗana, ranar Juma'a fa mutanen gwamnati suka zo awon filin, kowa na masallaci. Awaki suka tarar, sai ɗan kwangila ya ce fili ne da ba a amfani da shi." Na roƙe shi ya zo mu fito da Baba. Ya ce ya yi ta fama Baba ya ƙi, amma tun da 'ya'yansa sun zo, a sake gwadawa.

Ƙanena ne ya ɗauki tabarmar ya yi gaba, Baba ya ga ba zai bari a tafi masa da ita ba, ya biyo mu yana faɗa. Muka shimfiɗa masa jikin katanga. Bai daɗe da zama ba wata Bafulatana mai nono ta hango shi, ta sauke ƙwarya tana "Jam, jam, Malam, ashe kana duniya!" Mai gyaran keke ya zo, wani ma'aikaci ya tsaya tambayar hularsa da ya ba da tun kafin azumi. Ban san lokacin da Baba ya zare allura daga aljihu ba. Har ƙosai ya ci, yana yi wa Bappa tsiyar askarsa ta dakushe. Na ji wani sanyi a raina, na fara cewa ashe abin mai sauƙi ne.

Sai hantsi ya ɗaga, inuwa ta fara janyewa. Baba bai ko ɗaga kai daga ɗinkinsa ba, ya miƙa hannu ya kama bakin tabarma ya ja ta gabas, kamar yadda ya saba tun kafin a haife ni. Tabarma ta tokare da katanga ta naɗe. Ya sake ja. Sannan ya ɗaga kai ya ga inuwar ta haye ta koma ciki, kan simintin da ba kowa. Bappa ya fara tattara askarsa, mai nono ta ɗauki ƙwaryarta, kafin ka ce me rana ta kore mu duka. Na juya baya don kada Baba ya ga idona.

A hanyar gida na sake cewa, "Baba, ka zo mu tafi Kano. Akwai inuwa a gidana, yini guda." Ya ce, "Inuwa kam akwai. Wa zai zo ya same ni a cikinta? Ku bar ni, nan ina da safiya." Ƙanena ya buɗe baki zai yi musu, na taka masa ƙafa.

Mun dawo Kano mu biyu, kamar yadda muka tafi, kuma a dawowar ƙanena bai sayi ko gyaɗa ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, wurin taruwar jama'a ba ado yake so ba. A bar shi yadda mai ƙosai za ta tashi mai nono ta zauna, a bar mutum ya ja tabarmarsa inda inuwa ta nufa. Wanda zai gyara irin wannan wuri, ya fara yini a cikinsa tukuna. Goggo ta aiko cewa Baba na fita kullum da safe, na gode Allah. Amma har yau da zarar hantsi ya ɗaga ina zaune a kantina, sai hankalina ya tashi, don na san yanzu yana naɗe tabarmarsa zai koma zaure, kuma da sauran yini mai tsawo a gabansa.