Humra a Takunkumi

A shekarar korona jikana ya fara koyarwa a lakwal, makarantar boko ta nan Gure, a ɗakin zaurena yake kwana. An ce kowane mushe, wato malamin makaranta, sai da takunkumi, sai ya ba tela ya ɗinka masa uku na yadi.

Ni kuwa a gidan da na tashi, tufa ba ta hawa jikin mutum sai ta sha turaren wuta. Uwata Babarbariya ce, ko tsumman goge kwano sai ta kanga shi a kasko. Da na ga ƙyallen da zai wuni a hancin yaro yana warin zufa, sai na riƙa ɗauka da safe ina turara shi, in ɗiga masa humra, in mayar kan ƙusa. Wanki kam ban yi ba, kada ƙamshin ya fita. Shi ma bai wanke ba, yana jin ƙamshi ya ɗauka na wanke.

Ba a jima ba ƙuraje suka feso masa, daga haɓa har kumatu, daidai inda ƙyallen yake rufewa.

"Maigida," na ce masa, "balagar ce ta dawo?"

"Tsohuwa, bar ni da abin da ke damuna."

Na kawo man shanu na ce ya shafa. Ya shafa, suka ƙaru. Yana zama ya ɗauko madubin babur yana matsa su, ni kuma ina gefe ina nuna masa wanda ya nuna.

Akwai yarinyar da yake nema a bayan kasuwa, 'yar wani mai kanti. A makaranta takunkumi yana rufa masa asiri, amma wurin zance dole a kawo ruwa, dole ya buɗe fuska. Sai ya daina zuwa. Har muka ji wani ɗan garin Gidigir ya fara ajiye mota a ƙofar gidansu.

Gwaggonsa, 'yata da ke aiki a likita, wato asibiti, ita ta zo ta ɗauki ƙyallen ta shinshina.

"Iya, me kika zuba a nan?"

"Humra ce, mai kyau."

"Humra ai mai ce! Ga zufa, ga zafi, ga datti, a fuska wuni guda?"

Jikan nawa ya dafe kai. "Ashe ke ce! Ba ki so in yi aure ko, tsohuwa?"

Na yi dariya tare da su, amma raina bai yi daɗi ba. Gwaggon ta ce kullum a wanke takunkumi da sabulu marar ƙamshi a shanya a rana, in ya jiƙe da zufa ya canza wani. Fuska a wanke safe da yamma, ba gurzawa, ba mai mai nauyi, hannu kuma ya bar matsa. Ta ce in ba su lafa ba ya same ta a wurin aiki.

Sun fara bushewa, amma tabo ba ya gaggawa, mai mota kuma ba zai jira ba. Na ja mayafi na tafi gidan su yarinyar. Na gaya wa uwarta komai, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ma takunkumin mijinta haka take yi masa. Yarinyar tana bayan labule tana ji. Da zan fita ta rako ni ƙofa, kanta a sunkuye.

"Kaka, ki ce masa ya zo da ƙurajen nasa. Na ga waɗanda suka fi su."

Da la'asar ya goge babur, ya tafi.