Fuskar da Na Goge a Jikin Cokali

Mu'allim Bakur ya ɗora mini laifinsa a gaban baƙo, kuma har yau ranar ba ta bar raina ba. A wata warsha ce, wato shagon kafinta, a unguwar Sultana can ƙasar Larabawa, cikin watan Sha'aban, shekarata ta goma sha ɗaya ina kafinta a ƙarƙashinsa. Ga wanda bai sani ba, mu'allim shi ke karɓar aiki ya raba mana, kuma shi ne kafilina mai tsaya mini, iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannunsa.

Wani likita ɗan Kwango ya kawo cokalin itace da ya tsage a wuya, a ɗaure masa da gam kawai. Ya ce na kakarsa ne, sassaƙar mutanensu Beembe. Bai wuce taƙi ɗaya ba. A mariƙin an fitar da mutum a tsaye, gwiwa a ɗan lanƙwashe, idanun ɓarɓashin tangaran. Tsagar adon da ke cikinsa kuwa siririya kamar zare, layi bai hau layi ba. Na bi ta da babban yatsa, na san ko shekara zan yi ba zan fitar da irinta ba.

Likita na fita Mu'allim ya ce, "Ya Idi, wannan sura ce, siffar mutum. Ba a warshata ba. Goge fuskar, halas, magana ta ƙare."

Na ce, "Mu'allim, gam kaɗai aka ce."

Ya ce, "Iƙamarka yaushe za ta ƙare ma?"

Na ɗauki sanfara, takardar goge katako. Minti biyu bai cika ba, fuska ta tafi.

Da likitan ya dawo ya daɗe yana juya cokalin. Mu'allim ya nuna ni ya ce, "Ma'alesh Dakta, yi haƙuri, jahili ne, bai san abu mai daraja ba." Likitan bai zage ni ba. Hannuna kawai ya kalla, ya naɗe abinsa a hankici ya fita. Da ya mare ni ya fi mini sauƙi.

Ku masu tasowa, aikin da ba za ku iya taɓawa ba ku mayar wa mai shi yadda ya zo. Wannan hanyar tana nan a ranar, mu biyu muka ƙi binta.

Bayan la'asar na same shi a ofis na ce, "Mu'allim, kai ka ce a goge, ka kuma yi mini ƙarya a gabana. Amma jahili da ka kira ni, ina ma gaskiya ka faɗa. Na san abin da nake gogewa."