Ilu Bakanike, Wanda Ya Zaci Dusar Ƙanƙara Rairayi Ce

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou sayen inji ya san Malam Ilu, in bai san sunansa ba ya san jakarsa. Da an idar da sallar asuba zai kurɓi shayinsa a tsaye, ya rataya wannan tsohuwar jakar sifanoni, ya kama hanya. Yau yana wajen masu janareto, gobe wajen masu babura, jibi ya bi kaya har tashar jiragen ruwa ta Nansha don ya tabbatar abin da aka gwada shi aka loda. Ɗan kasuwa ya zo daga Kano ko Maraɗi, ya ga inji yana ƙyalli ya ruɗe, sai Ilu ya kunna, ya kara kunne, ya ce a saya ko a bari. Sinancinsa bai wuce na kasuwa ba, amma in ya girgiza kai ya ce wa mai shago "meyo", wato babu, to magana ta ƙare.

Yanzu ga shi zai bar mu. Tun da aka tsaurara biza gabanin wasannin Olamfik, ga gwiwa ta fara yi masa gardama, ya ce ya isa haka, Damagaram na kira. Ni kuwa ba zan bari ya hau jirgi ban faɗi abin da ya yi a farkon bana ba.

Alhaji Tankari, attajirin Maraɗi, shi ya ɗauke shi zuwa wata masana'anta a kan duwatsun arewacin lardin da Guangzhou take, inda ake ƙera babur mai ƙafa huɗu. Alhaji na son su don yankunan rairayi. Sun je da niyyar kwana ɗaya, sai sama ta buɗe. Dusar ƙanƙarar da tsofaffin wurin suka ce rabonsu da irinta tun suna yara ta rufe hanyar da ke gangarawa gari, wutar lantarki ta ɗauke, mota ba ta hawa ba ta sauka. Da farko abin dariya ne, Alhaji har hoto ya ɗauka da rawani da bargo. Dariyar ta tsaya ranar da ya jawo Ilu gefe ya nuna masa kwalbar allurarsa. Alhaji na da ciwon sukari, allurar kuwa saura ɗigo.

"Malam Ilu," in ji shi, "in ba mu sauka ba, kai za ka kai wa iyalina labari."

"Haba Alhaji, daina wannan magana. Ni ban iya kai labari ba, kai zan kai."

Asibiti na can ƙasan dutse. Mai masana'antar, wanda kowa ke kira Lawban, wato maigida, ya buɗe musu sito ya ce su zaɓa. Ga shebur da diga, amma hanyar ta fi ƙarfin hannu. Ga wani inji da ake turawa, yana zuƙar dusa yana fesarwa gefe. Ga kuma babur mai ƙafa huɗu irin wanda ake kai wa ƙasashen sanyi, an ɗaura masa faffaɗan ƙarfe a gaba kamar bakin garma. Lawban ya ce a ɗauki mai fesawa, don shi aka yi domin wannan aiki. Aka tura shi, ya yi ta feshi gwanin sha'awa, yana isa inda dusar ta daskare sai ya shaƙe ya mutu.

Nan Ilu ya gyara hula. Kafin China, shekaru ya yi yana bin manyan motoci tsakanin Agadas da Dirku, ba irin tudun rairayin da bai fitar da mota daga cikinsa ba. Ya duƙa ya damƙi dusar, ya murza, ya yi murmushi.

"Alhaji, ai wannan rairayi ne aka yi wa farin fenti. Babur za mu ɗauka."

Ya rage iskar tayoyi kamar yadda ake yi a sahara, ya hau, ya murɗa maƙura. Ka san dokar rairayi, in ka shiga ba ka sassautawa, in ka sassauta ka nutse. Haka Ilu ya yi. Garmar na ture dusa, ma'aikata na tafa masa, Alhaji na ta "Madalla!" Sai ga kwana ta farko. Ashe ƙarƙashin dusar ƙanƙara ce sumul kamar gilashi. Babur ya juya, ya sake juyawa, ya tafi da baya, ya zube a kwalbati. Ilu ya tashi tsamo-tsamo, fari fat, hula a wani wuri, takalmi ɗaya a wani wuri. Wallahi ma'aikatan nan sai da suka riƙe ciki, shi ma da ya ga ba inda ya karye sai ya taya su.

Amma da ya waiga ya ga Alhaji ya zauna a bakin ƙofa yana ta shan ruwa, leɓe ya bushe, ido ya faɗa, sai tsoro ya kama shi. Ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba.

A nan ne Ilu ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Wani da ya ji kunya sai ya ɗora wa babur laifi. Shi kuwa zama ya yi yana kallon ƙafafun mutane, yana neman wanda ba ya zamewa. Samari na tafiya suna tangaɗi, amma tsohuwar da ke dafa wa ma'aikata abinci, wadda suke kira Ayi, wato gwaggo, tana ratsa tsakar gida da bokiti biyu hankali kwance. Ya bi ta, ya durƙusa gabanta kamar mai gaisuwa. Ashe igiyar bambaron shinkafa ta nannaɗe takalminta da ita. Ya nuna takalmin, ya nuna taya. Ayi ta harare shi, ta yi masa faɗa da Sinanci wanda bai ji ko kalma ɗaya ba, sannan ta ja shi kicin ta nuna masa tokar gawayi, ta yi alama da hannu: a hankali, a hankali.

Ilu ya kwaso sarƙoƙin babur daga sito ya nannaɗe tayoyin nan huɗu kamar takalmin Ayi. Ma'aikata suka ɗauki diga da shebur ɗin da aka raina, suka yi gaba suna farfasa kowace kwana, suna barbaɗa toka. Aka naɗe Alhaji da bargo, aka ɗaure shi a bayan Ilu da rawaninsa.

"Malam Ilu, goya ni za ka yi da girmana?"

"Alhaji, riƙe ni dai. In mun sauka ka kai ni ƙara."

Suka gangara kamar masu rakiyar amarya, garma na share gaba, sarƙa na cizon ƙanƙara, Alhaji na ta salati a kunnen Ilu. Kafin la'asar suna ƙofar asibiti, aka yi wa Alhaji allura, aka ba shi gado.

Malam Ilu, kai ne ka faɗi a gaban jama'a ka tashi kana dariya. Kai ne gwanin sahara da ya durƙusa wa tsohuwa mai girki ya koyi tafiya. Na Damagaram, mai kunnen inji! Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ka wane inji ya fi, ba ka amsawa sai ka tambaye shi wace irin ƙasa zai taka, kuma su mutanen wurin yaya suke yi. 'Yan'uwa masu sana'a, matasa da manya, ku ɗauki wannan hali, ba ya rage wa kowa girma.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya kai ka gida lafiya, ya ba gwiwar nan sauƙi.

Na san Alhaji Tankari ya ce kada a gaya maka, amma bakina ba ya riƙe daɗi. Babur ɗin nan mai lotsattsen gefe ya saye shi, ya sa a kwantena, yanzu haka yana ƙofar gidanka a Damagaram, da garmarsa, da sarƙoƙinsa. Da aka tambaye shi me za a yi da abin share ƙanƙara a garin da ruwan randa ma ɗumi yake yi, cewa ya yi a bar shi yadda yake. Ranar da ka iso, Alhaji ne zai tuƙa, kai za a goya.